Uwar Fa?

Laraba, da hantsi

Auta ce ta ba ni wannan littafin, wai in riƙa rubutu maimakon in riƙa yi wa mutane faɗa. To, ga shi na fara, mu ga ko takarda ta fi mutane haƙuri.

Jiya Kafinta ya faɗi a shagonsa, zarto na hannunsa. Yana asibiti. Ba zan rubuta sunan abin da likita ya ce ba, don ba zan ba shi wurin zama a gidana ba. Abin da zan rubuta shi ne, sa'ad da ake shigar da shi motar maƙwabcinmu, ya damƙe mini mayafi da hannun da ke motsi, yana nuna ƙofar shago da ido. Na ce masa, "Na ji, Maigida, zan kula da su." Sannan ya sake ni.

"Su" ɗin nan ba 'ya'yanmu ba ne. Karyarsa ce Baƙuwa, da 'yan kwikwiyonta biyar da ta haifa ƙarƙashin teburin aikinsa. Ni da na yi shekara talatin da wani abu ina cewa ko inuwar kare ba na so ta taɓa mini zane, yau ni ce mai dafa wa karya abincin jego. Alkawari kaya ne, da bakina kuwa na ɗauka, ba wanda ya sa ni.

Alhamis, bayan azahar

Na buɗe shagon don in kai mata abinci. Komai na nan yadda ya bar shi. Kujerar da yake yi wa wani malamin makaranta tana tsaye da ƙafa uku, fensirinsa na kan tebur duk ya tauna masa gindi, hularsa ta aiki tana rataye a ƙusa, ta yi baƙi ƙirin da gumi. Sau nawa na rantse zan ƙona hular nan? Ƙamshin katako ya buge ni, sai na ji kamar zai leƙo daga bayan alluna ya ce, "Tela, kin ɓata hanya ne?" Haka yake ce mini duk ranar da na taka shagon, don ba na shiga sai dole.

Baƙuwa ta ɗaga kai ta dube ni, sannan ta dubi bayana. Ta daɗe tana duban bayana. Na ce mata, "Ni kaɗai ce, sai ki yi haƙuri." Duniya ke nan, yau ni ce mai ba kare haƙuri.

Shekara bakwai ke nan da ta zo mana cikin ruwan sama, tana ɗingishi, haƙarƙari duk a waje. Na ce a kore ta. Ya ce, "Haba Tela, baƙuwa ce, gobe za ta wuce." Har yau goben ba ta zo ba, sunan kuma ya bi ta.

'Ya'yan dai tubarkalla, kowanne da cikinsa tim kamar an hura balan-balan. Na ƙarshensu ne abin tausayi, ƙafafu sirara, kai ya rinjayi jiki. Na sa masa suna Tsinke.

Asabar, da safe

Na haɗa shayi kofi biyu. Na zubar da ɗaya.

Lahadi, da la'asar

Ashe cikin 'yan kwikwiyon nan ba na ƙoshi ba ne. Ɗaya daga cikinsu ya yi amai a gabana, abin da ya fito fari, dogo kamar taliya, yana motsi. Na yi salati na ja da baya har na ture gwangwanin ƙusa. Na koma gida na dirje hannuna da sabulu, na zauna bakin gado, sai abin ya dawo mini.

Kafinta yakan ce, "Cikin ƙoshi laushi gare shi, cikin tsutsa kuwa ganga ne." Duk haihuwar da Baƙuwa ta yi, da zarar 'ya'yan sun buɗe ido sai ya fito da sikelin da yake auna ƙusa, ya ajiye a ƙofar shago, ya ɗora hularsa a kai. Ya sa kwikwiyo cikin hular, ya duba nauyi, ya zuƙo magani da sirinji marar allura, ya ɗiga masa ta gefen baki yana masa magana kamar jikansa. Ni kuwa ina ta taga, ƙafata a kan keken ɗinki, ina ce masa, "Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Sai ka auna kare kamar zinariya?" Sai ya ce, "Idonki ya san kimar yadi, Tela, bai san ta tsutsa ba." Daga nan nakan ja labule, don ba zan iya kallon ƙazantar ba.

Na samo kwalbar a bayan gwangwanin fenti. Auta ta karanta abin da ke jikinta, ta ce bai lalace ba. Na ɗaura leda a hannu biyu, na sauko da hular. Huɗu sun sha suna tsala ihu kamar ana yanka su. Da na sa Tsinke, da ƙyar allurar sikelin ta motsa, sai ya naɗe cikin hular ya yi barci. Na bar shi ya ɗan jima.

Auta ta ce da ta je asibiti ta kwashe labarin duka ta faɗa wa babanta, har da ledar, tana dariya. Idonsa a rufe yake, ba ta san ko ya ji ba.

Litinin, da azahar

Ya yi magana! Ba na wurin, na dawo ɗaukar masa wankakkun kaya. Da na koma na tarar da Yaya, yayarsa, tana sharar hawaye a baranda, Auta kuma tana tsalle. Kalma biyu ya faɗa, a karkace amma sun fita: "Uwar fa?"

Yaya ta ce, "Mahaifiyarmu Iya yake nema. In mara lafiya ya fara tambayar wanda ya riga mu gidan gaskiya, ai kin san sauran."

Na ce, "Yaya, don girman Allah ki yi wa bakinki linzami."

Auta ta ce, "Haba Goggo, yaushe Baba ya taɓa ce wa Iya 'uwar'? Umma yake nema, uwar yaransa. Ya buɗe ido bai gan ta ba."

Na yi kamar ban ji ba. Amma da na dawo gida na ciro shuɗiyar rigar nan na goge ta. Ita kaɗai ce ya taɓa yabawa tun aurenmu, shi ma cewa ya yi launinta irin na fentin da ba ya tashi a rana. A bakin Kafinta wannan waƙar soyayya ce.

Talata, da yamma

Na je da rigar. Ya buɗe ido ya dube ni, ya ce, "Uwar fa?"

Na ce, "Ga ni, Maigida."

Ya girgiza kai. Ya sake faɗa, yana ƙoƙarin ƙara wani abu, harshen ya ƙi. Na ce, "Ga ni mana, ni ce Tela." Sai ya runtse ido ya juya fuska bango.

Ko dai bai gane ni ba ne? Na so in goge wannan layin, amma da biro na rubuta. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, ban san wanne ya fi yawa ba.

Alhamis, da hantsi

'Yan kwikwiyon sun yi ta fitar da abin nan, ni kuma ina ta shara ina tofar da yawu. Cikinsu ya saɓe, sun fara kokawa a cikin dusar katako. Har Tsinke ya ciji igiyar takalmina da bakin da ba haƙori. Na kira shi ɗan banza, amma ban janye ƙafar ba.

Mata biyu sun zo karɓar ɗinki, na ba su haƙuri. Keken na nan a rufe. Auta ta tambaye ni ko na sha maganin hawan jinina, na ce na sha. Yana cikin jaka, zan sha.

Asabar, da yamma

Yau ma tambayar ce. Yaya ta yi kuka, ni kuma na yi faɗa da nas a kan matashin kai.

Laraba, da azahar

Ina dafa miyar da zan kai masa, ko da yake romon kawai yake iya sha, sai na lura da wani abu. Tun da ya kwanta, tsoka ko ɗaya ba ta ɓace mini a tukunya ba.

Gidan nan an yi mini satar nama ba kaɗan ba. Ba kullum ba, jefi-jefi, kuma kullum babbar tsokar ce, wadda na sa wa ido. Na zargi yara, na zargi kyanwar maƙwabta har muka yi wata guda ba ma gaisawa da matar gidan. In na tayar da jijiyar wuya, sai Kafinta ya ce, "Tela, nama fa yana ƙanƙancewa a wuta." In ce, "Ƙanƙancewa daban, ɓacewa daban." Ya ce, "To naki ya ƙanƙance ne har ya wuce wuri." Yara su fashe da dariya, ni in shige ɗaki ina mita. Ban taɓa zarginsa ba, mutumin da haƙoransa ba sa son nama.

Yau nama ya cika tukunya, ba mai sata, ba mai ci. Wallahi na yi kewar ɓarawon nan, ko wane ne.

Juma'a, da la'asar

Kumburin cikin 'yan kwikwiyon ya dawo. Dukkansu biyar, tim kamar da, ga zawo har da jini-jini. Baƙuwa ma ta rame, gashinta yana zuba, tana jan gindi a ƙasa. Na ce shayarwa ce, wace mai jego ce ba ta ramewa? Na ƙara mata abinci.

Na auna, na ba su daidai, ban tsallake ko ɗaya ba. Me na yi ba daidai ba? Wanda zai gaya mini yana kwance da amsar a bakinsa, bakin kuma ya ƙi buɗuwa.

Asabar, da safe

Kwikwiyo mai farin goshi ya tafi, shi da ya fi su ƙiba. Na binne shi bayan shago. Ba zan gaya wa Kafinta ba.

Saura huɗu. Tsinke ya daina kama nono.

Litinin, bayan azahar

Bari in rubuta wannan a tsanake.

Na sa su a kwali, ni da Auta muka tari tasi. Direban ya ji kuka ya ce, "Hajiya, me ke cikin kwalin nan?" Na ce, "Marasa lafiya ne, ka ja mota." Likitar dabbobin mace ce mai gilashi, ba za ta wuce sa'ar babbar 'yata ba. Ta ɗaga leɓen Tsinke ta nuna mini dasashinsa, fari fat.

Ta ce, "Mama, tsutsa ta shanye masa jini. Kin ba su magani?"

Na ce, "Na ba su, da awo ma, ba da ka ba."

"Sau nawa?"

"Sau ɗaya."

Ta gyara gilashi tana rubutu, ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Uwar fa?"

Ban san lokacin da na zauna a kan benci ba. Auta ta toshe baki da hannu biyu. Likitar ta ɗauka ba mu gane ba ne, sai ta shiga bayani. Ta ce tun suna ciki suke ɗaukar tsutsar daga jikin uwar, bayan haihuwa kuma su sha ta a nono, su lasa a ƙasa inda ta yi kashi. Maganin manyan yake kashewa, ƙananan kuma suna nan suna girma, shi ya sa ake maimaitawa duk bayan mako biyu. A kwashe tsohuwar dusar katakon a ƙona, a riƙa kwashe kashi da wuri, a wanke hannu. Ta ce, "Ba a yi wa 'ya'ya magani a bar uwar, Mama. Kina tsane ɗaki ne rufi na yoyo."

Ashe Kafinta ya ji Auta ranar da ta ba shi labarin maganin. Mutum yana kwance rabin jikinsa ba ya motsi, ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa ya haɗa kalma biyu, mu kuma muka raba su tsakanin kabarin Iya da shuɗiyar rigata. Rashin sani ya fi dare duhu. Ni ina jan labule, ina zan san akwai kashi na biyu a aikin?

Ta yi wa Tsinke allura, ta nuna mini yadda zan riƙa ɗiga masa madararsu. Sannan ta miƙo mini ƙwayar uwar ta ce, "Tana da ɗaci, ba za ta karɓa haka ba. Ki tsaga tsokar nama babba ki tura a ciki."

Sai Auta ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka. Ta ce, "Umma, Baba ne. Shi yake ɗaukar naman. Ni nake tsaya masa a bakin ƙofa, in kin taho in yi tari."

Na tuna tarin nan sarai. Har maganin tari na taɓa saya mata.

Talata, da yamma

Na shiga ɗakinsa a asibiti ban ko gaishe da Yaya ba. Na ja kujera na ce, "Ɓarawon nama, na ba uwar. Da babbar tsoka na ba ta, ta haɗiye ko taunawa ba ta yi ba."

Ya zuba mini ido. Sai gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga, kafaɗarsa ta fara rawa. Dariya yake, ba sauti, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Na goge masa da bakin mayafi ina masa faɗa: shekara bakwai, ka bar ni na ɓata da matar mutane a kan kyanwar da ba ta ji ba ba ta gani ba! Yaya ta ce mun haukace mu biyu. Tun ranar da ya faɗi ban ji daɗi irin na yau ba. Ya san ni, tun farko ya san ni.

Da zan tafi ya kama mini hannu. Awarwarona ya zame har kusa da gwiwar hannu, ya bi shi da kallo, ya dubi fuskata, ya ce, "Uwar fa?"

Na ce, "Na ce maka na ba ta! Sai na kawo ta nan ta yi maka rantsuwa?"

Bai saki hannun da wuri ba. Ni kuwa ina sauri, lokacin madarar Tsinke ya yi.

Alhamis, da safe

Tsinke ya kama nono da kansa. Na tsuguna ina kallo har ƙafata ta yi sanyi. Na shafa kan Baƙuwa, ba leda. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Asabar, da azahar

Sun mayar da Kafinta wani ɗaki mai na'urori. Ba a barin mutum ya daɗe. Na gaya masa Tsinke ya fara haushi, murya kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba.

Litinin

Ba sauran zuwa asibiti.

Alhamis, da la'asar

Gida cike da masu ta'aziyya. Kowa da abin da zai ce in yi haƙuri da shi, kowa da kwanon da zai tura mini gaba. Ba na jin yunwa. Malamin makaranta ya zo, ya ce in bar kujerar yadda take, ba ya sauri.

Yaya ta ja ni gefe ta ce, "Karnukan nan sai a san yadda za a yi da su. Ke da ba kya son su ma." Na ce, "Yaya, ba su gama shan magani ba." Ta dube ni, ta koma cikin mutane.

Baƙuwa tana kwana a ƙofar shago, fuskarta na kallon titi. In na zo ta daina duba bayana.

Litinin, da hantsi

Yau ranar maimaita magani. Na fito da sikelin ƙofar shago, inda yake ajiyewa, na ɗora hular. Huɗu ne, huɗun kuma suna nan, ciki laushi, dasashi ja. Tsinke ya ƙi zama cikin hular, ƙafafunsa sun yi mata yawa, allurar sikelin kuwa ta tafi da gudu. Na ɗiga masa ta gefen baki ina ce masa, "Haɗiye, ɗan banza, kakanka ya biya maka."

Sannan na shiga kicin na buɗe tukunyata, na zaɓi babbar tsokar. Sai da na waiwaya na duba ƙofa kafin in ɗauka, ni da tukunyata. Baƙuwa ta karɓa a tafin hannuna.

Na wanke hannu na zauna a kan bencinsa, jiri na ɗibata kaɗan-kaɗan. Sai ga Auta da faranti. Ta tsuguna a gabana ta ce, "Umma, 'ya'ya sun sha, Baƙuwa ta sha." Ta kama hannuna ta mayar da awarwaron wurinsa, ya sake zamewa. Ta ce, "Uwar fa?"

Na dubi farantin. Shinkafa ce da tsoka ɗaya babba, an tsaga ta, ga farar ƙwayar hawan jinina tana leƙowa. Ko ɓoyewar kirki ba ta iya ba, ba ta gaji ubanta a nan ba.

Sai a lokacin na gane ta ranar Talata, da ya riƙe mini hannu ya ƙi saki. Waccan tawa ce. Ya tambaye ni, na yi masa tsawa na tafi ba kwikwiyo madara.

Na ɗauki tsokar na sa a baki. Da ɗaci, na tauna na haɗiye. Na ce wa Auta ta ƙaro mini shinkafa.